Jin Magana Daban, Gane Ta Daban: Darasi Daga Tarihin Yola da Jimeta

A wannan fitowa mun ɗauko wata tambaya wadda kowa ke ganin ya san amsarta, sai an tsare shi sannan ya fara sosa ƙeya. Tambayar ita ce: in mutum ya ce "na ji", me ya ji?

Ku dubi yawan kayan da Bahaushe ya ɗora wa wannan 'yar kalma. Da ita muke jin ƙarar ganga, da ita muke jin yunwa, da ita muke jin ƙamshi, da ita kuma muke jin Hausa ko Fillanci. In aka ce yaro ba ya jin magana, kowa ya san lafiyar kunnensa ƙalau. Maƙwabtanmu Fulani ma haka abin yake wurinsu: "mi nani" na iya zama sauti ya shiga kunne, na iya kuma zama an fahimta. Saboda haka mutum biyu kan tashi daga zaure ɗaya, wannan ya ce "na ji", wancan ya ce "mi nani", a yi musafaha a rabu, alhali kowa da abin da ya tafi da shi a zuciya. Tarihin wannan gari namu cike yake da irin wannan rabuwa, har wasu aka biya kuɗinsu da ƙasa da rayuka. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da abin da masana suka ce.

Lafazi da ma'ana

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san an raba magana gida biyu: lafazi, wato abin da baki ya furta, da ma'ana, wato abin da ake nufi. Gardama kan yadda biyun ke haɗuwa tsohuwa ce. A Bagadaza, cikin shekarar 932, an yi wani zama gaban wazirin halifa tsakanin Abu Bishr Matta, masanin manɗiƙi, wato ilmin auna hujja da aka gado daga Girkawa, da Abu Sa'id al-Sirafi, malamin nahawu. Matta ya tsaya kan cewa ma'ana ɗaya ce a duk duniya kamar lissafi, harshe kuwa riga ce da ake iya sauyawa. Sirafi ya ce ba kowace magana ce lissafi ba. Ya tuna masa cewa littattafan da yake taƙama da su sun taso daga Girkanci, sun ratsa ta Siriyanci, kafin su iso Larabci, to me ya zube a hanya? Sa'an nan ya tambaye shi ma'anonin harafi ɗaya tak, wawun nan na Larabci, Matta ya kasa kawo su.

Mu ma muna da irin wannan wawu. A gaya wa mutum "zo mana", "zo dai", "zo fa", ko "ka zo kuwa?" Aikin ɗaya ne, zuwa, amma na farko lallashi ne, na biyu ƙosawa, na uku kashedi, na huɗu tuhuma. Wani malami, Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya ce ma'ana na zaune cikin yadda aka saƙa kalmomi. "Audu ya sayar da saniya", "Audu ne ya sayar da saniya", da "saniya Audu ya sayar" kalmomi ɗaya ne, amma gaban alƙali shaida uku ce. Irin wannan ilmi ya iso nan ta hannun malaman jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan nahawu da sarfu, almajirinsa Modibbo Raji kuma ya taso daga Gwandu ya zauna Yola zamanin Lamido Lawal, ya buɗe karatu.

Turawa ma sun tauna wannan tsakuwa. A 1892 wani Bajamushe, Gottlob Frege, ya kawo misali da tauraron asuba da na magariba. Mu ga su nan a bakinmu: Gamzaki da Zara. Masana taurari sun tabbatar abu ɗaya ne, amma wanda ya ce "Gamzaki ya fito" yana nufin a tashi, wanda ya ce "ga Zara" yana nufin dare ya kawo jiki. Abin da ake nunawa ɗaya, hanyar nuna shi biyu. Bayansa Ludwig Wittgenstein, a littafinsa da aka buga a 1953, ya ce in kana neman ma'anar kalma ka dubi yadda mutane ke aiki da ita. Ɗan kasuwar Jimeta ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. A ƙamus "albarka" alheri ce. A bakin mai sayar da atamfa kuwa, bayan ka yi tayi, ma'anarta "ban sallama ba". Haka mai cewa "ina zuwa" tafiya yake yi.

Wato dai ma'ana tana da ƙafa uku kamar murhu: kalmar, mai faɗinta, da wurin da aka faɗe ta. A cire ɗaya, tukunya ta kife. Yanzu sai mu ɗora tarihinmu a kan wannan murhu.

Ƙasa ɗaya, suna uku

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809. Ya zauna Gurin, ya koma Ribadu, sannan Njoboliyo, kafin ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Fulani sun kira ƙasar da ya kafa Fombina, wato kudu. A wasiƙun Larabci na Sakkwato ana kiran mai mulkinta Amirul Yaman, domin a Larabci wanda ya fuskanci gabas, kudu na hannun damansa, Yaman kuwa daga nan ta samo asali. Almajirin da bai san haka ba sai ya ɗauka ƙasar Yaman ta Larabawa ake nufi, Bahaushen da ya ji da kunne kawai kuma ya zaci yamma aka ce. Sunan da ya ci nasara a ƙarshe, Adamawa, ginin Hausa ne: Adama da "-awa", kamar Kanawa da Katsinawa. Sunan Bafulatani ne aka sa masa hular Hausa, kuma shi jihar da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991 ta gada.

Sunan Yola daga "yolde" yake, wato tudu. Binuwai kuwa daga harshen Bata aka samo shi, ma'anarsa uwar ruwaye, abin da ke tuna mana waɗanda suka riga kowa shan wannan kogi. A cikin gari akwai Wuro Hausa, unguwar da kakanninmu fatake suka sauka lokacin da suke bin hauren giwa da goro har Garwa, Ngaundare, Tibati da Banyo. A Jimeta akwai Alƙalawa da Gwadabawa, sunayen da ke ƙamshin Gobir da Sakkwato, ga kuma Luggere, wato kwari. Sai Rumde. A Fillancin da, rumde shi ne rinji, ƙauyen bayi masu noma wa ubangijinsu. Yau in yaro ya ce "a Rumde nake", unguwa kawai yake nufi, ba wanda zai ji wani abu daban. Kalmar tana nan yadda take, zamani ya sauke mata tsohon kaya ya ɗora mata sabo.

Baƙon 1851

Ranar 18 ga Yuni 1851 wani Bature ya ƙetare Binuwai a inda kogin Faro ke shiga cikinsa, ranar 20 ga wata ya shigo Yola. Heinrich Barth ke nan, Bajamushe mai yi wa gwamnatin Ingila aiki, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim. Mutum ne mai kunnen harshe. Yana jin Larabci, yana jin Hausa da Barbarci, yana kuma rubuta kalmomin Fillanci a hanya. Ya ƙiyasta mutanen Yola a lokacin sun kai 12,000. In da sanin kalmomi ke buɗe ƙofa, da ba ƙofar da za ta gagare shi.

Daga Kukawa ya taso, da wasiƙar Shehu Umar na Borno wadda ta gabatar da shi da kyakkyawan lafazi. Amma an haɗo shi da wani jami'in Borno, Billama, wanda shi ma ke ɗauke da nasa wasiƙu, cikinsu har da maganar wasu yankunan kan iyaka waɗanda Borno ke cewa nata ne. Da aka karanta su a fadar Lamido Lawal, sai majalisa ta ɗauki zafi. Aka aika wa Barth cewa Lamido na ƙarƙashin Sarkin Musulmi ne, da takardar Sakkwato ya zo da ita da an karɓe shi hannu biyu. Ranar 24 ga Yuni ya fita daga gari, ga zazzaɓi ga ɓacin rai, kwana huɗu kacal da shigowarsa.

Me ya faru? Barth ya karanta abin da ke cikin takarda. Fadar Yola ta karanta takardar, ta karanta hannun da ya miƙo ta, ta karanta hanyar da ta biyo. Tsakanin Borno da daular Sakkwato akwai tsohon miki tun zamanin da Shehu Laminu da Muhammadu Bello suke musayar wasiƙu kan halaccin jihadi. Bature mai awon ƙasa da rubuce-rubuce, wanda ya iso tare da mai neman ƙasa, shi kansa ya zama wani layi cikin wasiƙar. Masu iya magana sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ko Barth bai yi nufin komai ba, zuwan nasa ya yi magana.

Amana da yarjejeniya

Bayan shekara talatin sai ga Turawa sun dawo, wannan karo ta ruwa. Eduard Flegel, Bajamushe, ya iso Yola a 1882 zamanin Lamido Sanda. Kamfanin Ingilishi da ya zama Royal Niger Company a 1886 ya biyo baya, ya girke wani tsohon jirgi a kogi yana ciniki daga cikinsa. Louis Mizon, hafsan Faransa, ya zo a 1891, ya sake dawowa a 1893, har ya bar wa Lamido Zubairu igwa biyu. A 1893 kamfanin ya ce ya ƙulla yarjejeniya da Lamido, Mizon ma ya ce ya ƙulla tasa. A Turai aka yi ta cacar baki kan wane ne mai gaskiya.

A nan ne kalma ɗaya ta raba duniya biyu. Abin da sarakunanmu suka sani shi ne amana: izinin da sarki ke ba baƙon da ba Musulmi ba ya shigo, ya yi ciniki, a tsare masa rai da dukiya. Amana tana da sharaɗi, kuma wanda ya ba da ita na iya janye ta. Kamar fatoma ne mai saukar da fatake: ya sauki na Kano yau, ya sauki na Bida gobe, ba wanda zai ce ya ci amanar wani, gidan kuma nasa ne. Abin da Turawa suka rubuta cikin nasu harshe kuwa kariya ce irin ta mulkin mallaka, wadda a dokarsu kamar igiyar aure take, ba a ɗaura wa maza biyu. Haka aka yi a Sakkwato a 1885, inda Joseph Thomson ya yi alkawarin ba Sarkin Musulmi Umaru kayan da suka kai buhu 3,000 na wuri kowace shekara. A idon fada wannan gaisuwa ce, irin wadda na ƙasa ke kai wa na sama. A littafin kamfani kuwa farashi ne na haƙƙin da aka saya. Kaya ɗaya aka sauke a ƙofar fada, mai bayarwa na ganin ya saya, mai karɓa na ganin an yi masa mubaya'a. Balle ma Lamido, wanda shi kansa wakili ne na Sarkin Musulmi, ba shi da ikon sayar da ƙasar ko da ya so.

Turawa ba su jira an warware wannan ba. Ranar 15 ga Nuwamba 1893 Ingila da Jamus suka sa hannu a Balin, suka ja layi ya zagaye Yola. Babban birni ya faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa, har da Garwa, Marwa, Ngaundare, Tibati da Banyo, ta faɗa rabon Jamus. Aka bar kai a gida ɗaya, gangar jiki a wani. Ranar 2 ga Satumba 1901 Kanar Morland ya hauro kogi da jiragen ruwa ya buɗe wa Yola wuta. Dalilan da Gwamna Lugga ya bayar su ne hana ciniki da harin bayi. Harin bayi kam an yi shi, ƙabilun da ke kewaye da mu ba su manta ba, kuma wannan ma wata ma'ana ce ta 1901 da ya kamata mu riƙa tunawa in muna hira da su. Amma hana cinikin, a wurin Zubairu janye amana ce daga baƙon da ya wuce gona da iri. Igwan Mizon suka yi aiki ran nan, ba su hana gari faɗuwa ba. Aka naɗa Bobbo Ahmadu. Zubairu ya gwabza da Jamusawa a Marwa cikin Janairu 1902, aka kashe shi a ƙasar Lala a 1903.

Zamanin tafinta da ƙamus

Da mulki ya zauna, Bature ya ga ba zai iya koyon harsunan lardin nan duka ba, ga Bata, ga Bachama, ga Vere, ga Chamba, ga Kilba, ga Margi, ga Mumuye. Sai ya jingina da Hausa. Magana kan taso daga bakin talaka da harshensa, wani ya juya ta Fillanci ko Hausa, tafinta ya juya ta Turanci, hukunci kuma ya biyo wannan hanya ya dawo. Tambayar Sirafi ke nan ta sake tasowa a bakin Binuwai: me ya zube a hanya? Jimeta, wadda ta girma da tashar jirgin ruwa da kantunan kamfani da barikin gwamnati, ta zama garin Hausa ta wannan hanya, Yola kuma ta riƙe Fillancinta.

Wasu Turawan sun yi ƙoƙari. F. W. Taylor, jami'in ilmi, ya buga nahawun Fillancin Adamawa a 1921 da ƙamus na Fillanci da Turanci a 1932. R. M. East, wanda daga baya ya riƙe Hukumar Talifi a Zariya, ya tattara labaran tsohuwar Adamawa da Fillanci ya buga su a tsakiyar shekarun 1930. Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa na Hausa a 1934. Aiki ne mai amfani, har gobe ana cin moriyarsa. Sai dai ƙamus kan ce "semteende" ita ce kunya, ya tsaya nan. Ba zai gaya maka cewa in ka kawo wa Bafulatani abinci ya ce ya ƙoshi, sai ka sake tayi, ka kuma ba shi wuri shi kaɗai ba. Bahaushe ya lura da wannan har ya yi masa suna, fulako. Wanda ya ɗauke akushi tun a "na ƙoshi" na farko ya ji magana sarai, baƙonsa kuma ya kwana da yunwa.

Akwai wani abin kuma. A 1913 Dokta Niels Bronnum na mishan ɗin Denmak ya sauka Numan, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Tun daga nan dubban maƙwabtanmu Kirista da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa, da ita suke ɗaura aure. Kalmomi irin su ceto, alheri da Almasihu suna fita daga bakinsu suna fita daga namu, kowa da abin da ya cusa a ciki. Hausar Jimeta ta zama rijiyar gari. Mu muka haƙa, amma masu ɗiba sun fi mu yawa, kuma in Bachama ko Kilba ya yi mana Hausa, kada santsin bakinsa ya sa mu ɗauka tunaninsa ma irin namu ne.

A 1980 wani masanin Amurka, John Searle, ya kawo misalin mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji. Ana zura masa tambaya da rubutun Sinanci, yana duba littafi yana mayar da amsa daidai, na waje na cewa lallai ya iya Sinanci, alhali bai san ko kalma ɗaya ba. Searle na magana ne kan kwamfuta, kuma tun da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013 tambayar ta shigo aljihunmu. Amma mu dubi kanmu tukuna. Mu nawa ne aka haifa a nan, in aka ce "jam na?" mu ce "jam", in za mu yi godiya mu ce "useko", in an wuce nan kuma sai murmushi? Ɗakin Searle ke nan, a tsakiyar kasuwa.

Ƙuri'ar da ta amsa wata tambaya

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba Kamarun ɗin Jamus tsakanin Faransa da Ingila. Wani siririn yanki da ya haɗa da Madagali, Mubi, Ganye, Gashaka da Mambila ya dawo ana mulkinsa daga Yola, amma a matsayin ƙasar riƙon amana, a ƙarshe ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 7 ga Nuwamba 1959 aka tambayi mutanen wannan yanki, tare da na Dikwa da Gwoza: kuna so ku zama cikin Jihar Arewa in Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar zuwa gaba? Manyan Kaduna sun saki jiki. Da aka ƙirga, mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce Nijeriya.

Da aka bi diddigi sai aka gane an yi tambaya ɗaya, jama'a sun amsa wata. Takarda na maganar Nijeriya. Manomin Mubi ko Ganye kuwa abin da ya sani shi ne hakimin da aka aiko masa daga nesa, da haraji, da kotun En'e. Wannan ya jefa wa ƙuri'a. Sai aka cire yankunan daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa aka ba su nasu hukumomi. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka sake zaɓe, wannan karo har da mata, tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Kamaru. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Da an tsaya kan lafazin ƙuri'ar 1959, da yau mai zuwa Mubi daga Jimeta sai ya nemi fasfo.

Kalmar da ta shafe mu

To, jama'a, ga tamu. Ana kiranmu baƙi. A Hausa baƙo mutum ne mai daraja, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa kafin a tambaye shi labari. Amma cikin kalmar akwai tafiya, shi ya sa aka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A Fillanci baƙo shi ne "koɗo". Akwai kuma "kaaɗo", jam'insa "haaɓe", wanda ba Bafulatani ba. A kunnen Bahaushe kusan ɗaya suke, a ma'ana kuwa hanyar jirgi daban ta mota daban. Ko ita "haaɓe" ɗin, a ƙasar Hausa mu ake nufi, kamar in an ce sarakunan Haɓe, a nan Fombina kuwa an fi nufin ƙabilun da aka tarar. Kakanninmu fatake da Barebari wani suna aka ba su, Kambari'en, wanda mutumin Yawuri zai ji ya ɗauka wata ƙabila ce ta can.

Sai ga takardun gwamnati sun zo da tasu. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da rabon muƙamai bisa asalin jiha, na 1999 ya ci gaba da shi. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, ya kasance ɗan asalinta. Sashe na 318 ya ce mutum ɗan jiha ne in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wani kakansa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar, bai kuwa faɗi shekara nawa ke mai da al'umma ta asali ba. Sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama duk inda ya so. Tsakanin waɗannan sassa ne takardar indijin take rataye, ita ce kuma yaranmu ke nema in za su shiga makaranta ko aikin gwamnati. Gidan da ya sauka Wuro Hausa tun kafin 1901 ya girmi Lardin Adamawa na 1926, ya girmi Gongola ta 1976, ya girmi jihar 1991. In aka ce da jikan wannan gida baƙo, wanne ake nufi? Na tabarma da ruwan sanyi, ko raɓar da ake jira rana ta ɗauke? Dattijon da ya ce "baƙinmu" a wurin biki sau da yawa karramawa yake yi. Ɗan siyasar da ya faɗe ta a bakin akwatin zaɓe wani abu yake nufi. In muka haɗa su muka yi fushi da duka biyun, mun yi asarar aboki. In muka yi wa duka biyun murmushi, mun yi asarar haƙƙi.

Abin da ya rage gare mu

Shawararmu ga 'yan uwa guda huɗu ce. Ta farko, mu bar yaranmu su koyi Fillanci da harshen duk maƙwabcin da suka tashi tare, koyo na shiga gida da zaman makoki, wanda ya wuce na ciniki. Ta biyu, duk takardar fili, haya ko bashi da za a sa wa hannu, a karanta ta a fassara, sannan kowane ɓangare ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta gaban shaidu, domin abin da ya sami Zubairu na iya samun mai shago. Ta uku, dattawan kowace unguwa su sa a rubuta tarihin zuwan gidajensu, da shekara da sunan wanda ya ba su masauki, tun masu sani suna raye. Ta huɗu, in magana ta yi zafi tsakaninmu da maƙwabci, kafin a mayar da martani a tambaya: "Malam, me kake nufi?" Tambaya ce mai araha. A 1959 sai da aka sha kaye aka yi ta, amsarta kuma ta dawo da lardi guda.

Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar ganewa, ya zaunar da Jimeta da Yola da Adamawa baki ɗaya lafiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalam.